Kwali Shida a Hannun Okabe

Duk wanda ya zauna minti biyar da Okabe Tokuji ya san cewa shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a gidan sanyin da ake ajiye kifi a bakin tashar ruwa ta Yaizu, kuma a tsawon shekarun nan ko jelar kifi ɗaya ba ta ruɓe ba. Abin da ba ya faɗa shi ne a bakin ƙofa ya yi su, cikin 'yar rumfa, yana ɗaga wa motoci sanda su shiga, in sun wuce ya sauke. Kifin dai bai ruɓe ba, wannan kam gaskiya ne. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida da ilimin ajiya fal cikinsa, ya rasa inda zai juye shi sai a kan matarsa Tomiko, wadda ta shekara arba'in tana adana komai na gidan ba ta taɓa neman shawararsa ba.

Ana cikin haka, a ƙarshen watan Mayu, sai ga mijin 'yarsu Chizuru, Nagase Shuhei, da jaka a rungume a ƙirji. Kamfaninsu zai tura shi Sendai na wata biyu, matarsa da jaririya za su koma wajen mahaifiyarsa, gidansu kuwa zai zauna a rufe duk damina. Ya durƙusa a kan tabarma ya fiddo kwali shida na katunan nan masu hoton dodanni da ake tarawa, kowanne a naɗe cikin siririyar leda mai sheƙi. Sun fito ne a watan da aka haifi 'yarsa Mio, kuma sai da ya shiga ƙuri'a a shago goma sha ɗaya kafin ya haɗa su. Burinsa guda ne: ranar da yarinyar ta cika shekara ashirin ya miƙa mata su a rufe, yadda suka fito.

"Baba, ba wani aiki ba ne," in ji Shuhei. "A ɗora su a saman kabad ɗin katifu, inda ba rana ba laima, a jefa 'yan ƙullin shan danshin nan a gefe, a rufe. Abu ɗaya ne kawai, ledar nan. Muddin tana nan yadda aka naɗe ta, kwalin sabo ne ko bayan shekara ashirin. Ranar da ta yage, ya zama irin wanda kowa ke da shi."

Okabe ya yi dariyar manya. "Shuhei-kun, ni kake koya wa ajiya? Kifin da ya fi ka nauyi sau uku ya bi ta hannuna."

"Ta gabanka dai ya bi," in ji Tomiko tana zuba shayi. "A cikin mota."

"Ke, ana maganar sana'a."

Shuhei ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tabarma, ya yi godiya. Da zai fita ya waiwayi kwalayen sau biyu.

Kwana uku kwalayen suka yi a saman kabad lafiya ƙalau, abin da ya hana Okabe sukuni ke nan. Ajiyar da kowace tsohuwa za ta iya, ina abin faɗa a ciki? Da ruwan Yuni ya sauko, iska ta yi nauyi, sai ya tuna babban darasin gidan sanyi, wanda ya jiyo ta tagar rumfa: zafi sama yake hawa, sanyi ƙasa yake sauka. Wuri mafi ƙasa a gidan kuwa shi ne ramin nan mai murfi da ke ƙarƙashin daɓen kicin. Ya jira Tomiko ta tafi kasuwa, ya jera kwalayen a ciki, kusa da tulun da take tsima kayan lambu a dusar shinkafa da gishiri tun zamanin uwarta.

Da daddare da safe Tomiko kan ɗaga murfin ta juya dusar, don haka ba a kwana ba ta gan su.

"Baban Chizuru, me kayan yaron nan suke yi kusa da tsimina?"

"Sanyi suke sha. Ba za ki gane ba."

"To, su sha. Wari ma akwai, in suna so."

Bayan mako guda Okabe ya kira maƙwabcinsa Genzo, tsohon masunci mai bakin tsiya, don ya zo ya ga yadda masana ke aiki. Ya ɗaga murfi, ya fiddo kwali ɗaya da hannu biyu. Genzo bai ko duba dodon da ke jiki ba, ya kai hanci.

"Wannan da shinkafa ake ci?"

"Kati ne, jahili."

"To ya nuna. In ka ƙara masa kwana biyu zai yi tsami da yawa."

Okabe ya shinshina da kansa, gabansa ya faɗi. Ledar ta sha wari har ta ƙoshi. Amma da yake ba a san shi da karɓar kuskure ba, ya ce da gangan ya yi, domin warin dusa na korar ƙwari, yanzu kuma saura mataki na biyu, wato shan iska.

Ranar farko da rana ta leƙo, duk unguwa ta fito da katifu aka rataye a baranda. Okabe shi ma ya fito, amma da ragar nan mai hawa uku da ake shanya kifi, ya saka kwali bibbiyu a kowane hawa, ya rataye ta a barandar bene inda kowa zai gani. Don kada rana ta ci launin kwalayen ya ɗaura musu lemar Tomiko mai furanni a sama. Mata suka daina kakkaɓar katifa suka tsaya kallo.

"Okabe-san, bana kati ake shanyawa?" wata ta tambaya daga tsallaken layi.

"Ba kati ba ne irin na jikokinku," ya amsa da ƙarfi yadda layi uku za su ji. "Wannan dukiya ce. Akwai masu saida mota su sayi irinsa. Shi ya sa da aka tashi neman mai ajiya ba a tsaya ko'ina ba sai gidan nan."

Raga mai ƙarnin kifin bara, leda mai sheƙi, ga warin tsimi. Ko takardar gayyata aka aika wa hankakin tashar ruwa ba za su fi haka saurin zuwa ba. Ɗaya ya sauka kan lema, biyu suka kama raga suna lilo. Okabe ya fito da sandar kakkaɓe katifa yana kai duka ta ko'ina, bai sami hankaka ko ɗaya ba, amma ya sami igiyar. Raga ta tsinke, ta bi iska da lemarta, ta sauka a hankali a tsakiyar shukar kokwambar Genzo.

Ya sauko daga bene da silifa wari guda. Genzo na tsugune kusa da ragar yana shan taba.

"Kayanka sun iso lafiya," in ji shi. "In ɗaga musu sanda su wuce, ko akwai takardar da za a sa hannu?"

Okabe ya durƙusa gaban ragar. Ya duba kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Leda shida, ba wadda ta yage. Mai hankali da a nan ya mayar da su saman kabad ya rufe bakinsa. Shi kuwa sai ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya sanar wa masu leƙe ta katanga cewa an yi gwajin faɗowa daga bene, kuma an ci.

A ganinsa darasin ranar shi ne iska ita ce abokiyar gaba. Ita ke kawo laima, ita ke kawo wari, ita ke ɗauko hankaka. Maganinta kuwa yana cikin gidan, babbar jakar ledar da Tomiko ke cusa barguna a ciki ta zuƙe iskar da injin shara har su dawo kamar faifai. Ranar Lahadi ya tara Genzo da dattawa uku na ƙungiyar unguwa a ɗakin baƙi, ya jera kwalayen cikin jakar, ya ɗaure tawul a goshi.

"Abin da za ku gani yanzu," in ji shi, "ko a Tokyo ba kowa ya san shi ba."

"Baban Chizuru," in ji Tomiko daga bakin ƙofa, "bargo taushi gare shi. Kwali fa?"

"Kwali ƙarfi gare shi. Shi ya sa ake ce masa kwali."

Ya kunna inji. Jakar ta fara tsukewa, dattawa suka gyaɗa kai. Ta manne wa kwalayen, suka sake gyaɗa kai. Sai aka ji wani ɗan ƙara, ƙas, kamar an taka busasshen ganye, murfin kwalin farko ya fara lotsawa ciki. Okabe ya danna makashin injin, ashe abin ƙara ƙarfi ya danna. Ya ja tiyo, tiyo ya ƙi fita. Ya taka jakar da ƙafa yana ja yana haki, dattawa na ba shi shawara huɗu a lokaci guda. Tomiko ta tako a natse ta zare wayar daga bango.

Ɗaki ya yi tsit. Iska ta koma jakar da wani dogon tsaki.

"Lallai a Tokyo ba su san wannan ba," in ji Genzo.

Kwali biyu sun ɗan lotsa a tsakiya, amma ledar dai tana nan. Da yamma Shuhei ya bugo waya daga Sendai yana tambayar lafiyar gida, daga ƙarshe cikin kunya ya tambayi kwalayen.

"Suna nan kamar yau aka haife su," in ji Okabe. "Ba abin da ba a yi musu ba."

"Baba, ai ba sai an yi musu komai ba."

"Kai dai ka yi aikinka, ka bar min nawa."

Baki shi ke yanka wuya. Kafin mako ya zagayo, labarin dukiyar gidan Okabe ya kai gidan wanka, ya kai shagon aski, ya kai har layin masu saida kifi, kuma a kowane zango sai ya ƙara kumbura. Ranar Laraba ɗan sandan unguwa ya jingine kekensa a ƙofa, ya cire hula ya gaisa.

"Okabe-san, na ji an ce kana ajiye da katuna masu tsada. Ɓarayi sun sa irin waɗannan a gaba kwanan nan, har shaguna suke fasawa. Mutum nawa suka sani?"

Okabe ya fara lissafi da yatsu.

"Ka tambayi waɗanda ba su sani ba," in ji Tomiko. "Zai fi sauri."

Ido ya raina fata. Kwana biyu Okabe na zabura duk lokacin da mai kawo wasiƙa ya taɓa ƙofa. A rana ta uku dabarar da ta fi duk dabarunsa ta faɗo masa, har ya ji tausayin sauran mutane da ba a ba su irin kansa ba. Ɓarawo kabad yake buɗewa, ƙarƙashin tabarma yake dubawa, amma wane ɓarawo ne zai saci shara? Ya ɗauko tsofaffin jaridu, ya shimfiɗa wasu, ya jera kwalayen a kai, ya rufe da wasu sama da gefe, ya ɗaure da igiya tamau, ya ajiye ƙunshin a zauren shiga kusa da takalma. Bai gaya wa Tomiko ba, don a ra'ayinsa mace ba ta riƙe sirri. Ya dai ce mata an kai su wurin da ko shi da kansa da ƙyar zai gano.

Sannan ya fita kashe wutar da ya kunna. Ya bi gidan wanka, ya bi shagon aski, ya tsaya a kowace ƙofa yana girgiza kai. "Kwalayen nan ai sun lalace. Hankaka, laima, inji, ba abin da ya rage. Zubar da su zan yi." Wannan ne karo na farko da Okabe ya faɗi magana duk unguwa ta yarda nan take, ba wanda ya nemi shaida.

Shuhei ya dawo ranar Alhamis ta ƙarshen Yuli, a jirgin ƙasa na safe. Okabe ya saka rigarsa ta fita, ya tafi tasha tarbarsa tun da wuri, don yana so ya ba shi cikakken bayani a hanya. Tomiko ta tsaya gyaran gida saboda baƙo. Ta share zaure, ta ga tulin jarida ya tare hanya, ta tuna yau Alhamis ce, ranar kwasar takarda. Ta ɗauka ta kai matattarar shara a bakin layi, har tana mamakin yadda a karo na farko mijinta ya ɗaure jarida da kyau.

Mai kula da matattara a wannan makon ita ce Kurihara-san, tsohuwar malamar makaranta, wadda a shekara goma sha biyu motar shara ba ta taɓa barin jaka ɗaya da jar takardar gargaɗi a ranar aikinta ba. Kowa ya san doka, takarda Alhamis, leda Talata, kuma ba a haɗa su. Ta ɗaga ƙunshin gidan Okabe ta ji bai yi nauyin jarida ba. Ta leƙa gefe ta ga sheƙi. Ta kwance igiya.

Daga tasha zuwa layinsu tafiyar minti goma ce, Okabe bai bar ko ɗaya ya tafi a banza ba.

"Ajiya hawa-hawa ce, Shuhei-kun. Akwai ta sanyi, akwai ta iska, akwai ta rashin iska. Amma ta ƙarshe, wadda ba a koyarwa, ita ce ka ɓoye abu a inda kowa ke kallo."

"Baba, suna saman kabad ɗin dai ko?"

"Kabad. Yaro, kabad ai na 'yan koyo ne."

Suka karyo kwana. A bakin layi mata uku na tsugune a kan shimfiɗaɗɗiyar jarida, kowacce da almakashi, Genzo da wasu na tsaye suna kallo. A gefe guda kwali shida ne, an buɗe su an baje an danne sun kwanta lif. A tsakiya tulin 'yan fakitin cikin kwalayen ne da aka yanke bakinsu, don fakiti leda ne, abin cikinsa kuwa takarda. Katunan an jera su gwanin sha'awa, an ɗaure da roba ɗari-ɗari. A ɗaya gefen, ƙarƙashin ɗan dutse don kada iska ta kwashe, siririyar leda shida, kowacce an ninke ta gida huɗu.

Jakar Shuhei ta zame daga kafaɗarsa ta faɗi. Ya tsuguna ya kai hannu kan kwali ɗaya da aka baje, ya shafa shi, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Yaron ya ba kowa tausayi, har Genzo sai da ya kashe tabarsa.

Kurihara-san ta miƙe ta kaɗe siket. "Okabe-san, barka da dawowa. Na san ka ce za ka zubar da su, kuma na san mutum in ya yi asara hankalinsa ba ya kan doka. Amma ka saka leda a ranar takarda. Da motar ta zo ta gani, jar takarda za a manna, duk layi a san daga gidanku ne. Na ce dattijo mai mutunci kamarka ba zai ji wannan kunyar ba ina raye. Awa guda muka yi mu uku muna rabawa. Ba sai ka ce komai ba."

Okabe ya dubi jama'ar da ke wurin. Mutum goma sha biyu na kallonsa, dukkansu sun ji shi da kunnensu yana cewa zubarwa zai yi. Tomiko ta iso da tsintsiya a hannu, ta dubi jaridun, ta dubi igiyar, ta dubi mijinta, ta gane komai. Kuma a unguwar nan, in maƙwabci ya ɓata awa guda yana rufa maka asiri, abu ɗaya ne ya rage maka. Tomiko ta sa bakin tsintsiya ta zunguri bayansa.

Okabe ya haɗa ƙafa ya sunkuya. "Na gode ƙwarai, Kurihara-san. Mun wahalar da ke."

"Ƙara ƙasa," in ji Tomiko a hankali. "Mutum uku ne."

Ya ƙara sunkuyawa, wuyansa ya yi jawur.

"Ba komai, zaman tare ne," in ji Kurihara-san. Ta ɗage dutsen, ta tattara ledojin shida ta miƙo masa da hannu biyu. "Waɗannan sai Talata. Ka tafi da su gida ka adana, kwana biyar ne kacal."

Okabe ya miƙa hannu zai karɓa, sai Shuhei ya miƙe ya riga shi. Ya karɓi ledojin, ya saka su a aljihun ƙirjinsa, ya rufe maɓalli, sannan ya ɗan sunkuya wa surukinsa cikin ladabi.

"Bari in riƙe, Baba," in ji shi. "Kwana biyar da yawa."